Langar da Jami'a Ta Tafi da Ita

Tun ban haihu ba nike tsoron abin da zan haifa zai zo duniya babu jini. Ba likita ya faɗa mani ba, ba mafarki na yi ba. Ni na ƙera abina da kaina, na ɗauke shi wata tara tare da cikin. In an bi salsala, daga Rara na taho da shi, garinmu, inda mahaifiyata ke da ɗabi'ar kama ni tsakar gida ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa, ta girgiza kai ta ce, "Ke dai ba ki da jini. Fari fat, awa cikin sabuwar ƙwarya." Da anka kawo ni aure Magarya, wasu amare sun zo da iya saƙa, wasu da iya kitso. Ni leƙen ido na zo da shi.

Allah ya ba ni ɗiya mace. Ba zan rubuta sunanta ba, ta fari ce, ko a gida ban kiran shi. Ran suna mata na duba hancinta suna cewa na uban ne, ni ina jiran a watse in ja idon. Daga nan abin ya zama kamar cin abinci, safe da rana da maraice. In na ga ja, in ce kuka ta yi shi ya sa. In na ga fari, in zauna in yi tagumi. Babu launin da ya taɓa kwantar mani da hankali. Uwar mijina, wadda muke gida ɗaya muna ce mata Inna, ta ce mani wata rana, "Za ki ƙwaƙule ma yarinyar ga ido kahin ki gano jinin."

Yarinyar na da shekara ɗaya da rabi mutanen jami'a sunka zo. Bazara ce, an gama cire albasa an jera ta a rudu, rumfar da muke ajiyarta, maigidana ya bi mota kudu da kaya, ba a sa ranar dawowarshi ba. Mai shela ya zaga gari yana cewa gobe malamai daga babbar jami'ar gwamnati za su sauka makarantar firamare, za su auna jinin ƙananan yara kyauta. Na saki muciya. Kamar wanda ya leƙa cikin zuciyata kafin ya yi shelar.

Na tambayi Inna. Ta ce a jira mai gida, ba a taɓa jinin ɗiya uba bai nan. Na ce to. Da safe na goya yarinya na ce za ni niƙa.

Gindin dogonyaron makaranta na ishe su, su biyar ko shida, da fararen riguna da wata kula mai ƙanƙara. Wata ɗaliba mai tabarau ta kama ɗan yatsan yarinyar ta soke shi da wani abu kamar ƙaya, ta matse ɗigo cikin 'yar kwalbar da ba ta fi tsinken ashana ba, ta rubuta lamba a jiki. Anka karanta mani wata takarda da sauri, na dangwala babban yatsa, don aji huɗu na tsaya a boko, in na ce sai na rubuta sunana layi zai tsaya. Anka ba ni kati mai lamba. Babbansu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ce bayan sati biyu za su dawo da sakamako, kowa a faɗa mashi nashi.

Na dawo gida zuciyata ba ta zauna ba. Kwalaben nan da yawa, kuma duk iri ɗaya. Mi zai sa su duba ta ɗiyata da kyau? Sai na ɗora tukunya na dafa shinkafa da wake, na soya mai da albasa har maƙwabta sunka ji ƙamshi, na zuba a langata ta tsakiya. Su ukku ne cikin jerena, babba da ta tsakiya da ƙarama, farare masu furen ruwan ganye, mahaifiyata ta sayo su kasuwar Goronyo tun ina ɗaukar talla. Na ba maƙwabciyata da za ta kai nata yaron, na ce ta miƙa ma mai tabarau, ta ce daga uwar mai lamba kaza. Na faɗa ma kaina tausayi ne, baƙi tun safe ba su sa komi a ciki ba. Yau dai in faɗi gaskiya, toshiyar baki ce. Na yi niyyar sayen jami'a guda da shinkafa da wake.

La'asar motarsu ta tashi, langata na ciki.

Sati biyu sunka cika, na yi wanka na ɗaura zane mai kyau na zauna ina sauraren ƙarar mota. Ta masu sayen tafarnuwa ce ta zo. Maigida ya dawo daga kudu, ban ce mashi komi ba. Na matsa babbar langa kusa da ƙarama, na sa kofin tangaran a tsakani don kada a ga giɓi. Katin kuma na naɗe shi a tsumma na sa cikin ƙaramar na rufe. Damina ta sauka, anka yi shuka, anka yi girbi. Shiru.

Mahaifiyata ta zo ganina daga Rara. Ba ta ko gama amsa gaisuwa ba idonta ya bi jere. "Ina ta tsakiya?" Na ce aro anka yi. Ta ce aron da ya ga damina ya zama kyauta, sannan ta kama jikarta ta ja mata ido. Ashe mu biyu ne a kanta.

Inda babu labari, mutane kan ƙera nasu. An ce an rufe jami'ar, malamai na yajin aiki, kuma wannan gaskiya ne, don mun ga masu karatu can sun dawo gida sun kama fartanya. An ce jinin sayar da shi anka yi ƙasar waje. An ce takardar gama karatu ma saye ake yi. Na je biki Boyekai gidan gwaggona, can kuma ƙasa mutanen jami'a sunka ɗiba daga gonaki cikin leda ba su dawo ba, shekarar da ta biyo tafarnuwa ta ƙi, gwaggona ta haɗa biyun ta ɗaure da igiya ɗaya. Har ta kai in masu rigakafi sunka shigo unguwa, mata na tura yara ƙarƙashin gado, don duk mai farar riga ya zama jami'a.

Ni ban yarda an sayar ba. Wa zai sayi jinin da ni na san bai da yawa? Tawa damuwar ta fi wannan tsari. In ina daka sai in ce, da lafiya sunka gani da sun zo sun faɗa, ai albishir bai da nauyi, shirun ga abin da sunka gani ne ya fi ƙarfin baki. In na canza hannu kuma in ce a'a, da mugun abu ne da sun rugo. Haka nike shari'a ni kaɗai, ni ce mai ƙara, ni ce alƙali, har gero ya zama gari ban sani ba.

Ban zauna hannu sake ba. Duk abin da ke da launin ja na ɗura ma yarinyar nan. Zoɓo, ruwan karan dafi, manja a kunu. Harshenta ya yi wata da watanni bai koma kalarshi ba. Ita kuwa tana ta girma, tana bin awaki, tana cin ƙasa in an juya baya. Kafin ta iya cewa "ruwa" da kyau ta iya wani abu: in ta hango na nufo ta, sai ta tsaya ta ja fatar idonta da kanta, don mu gama da wuri.

Bayan damina ta biyu jami'a ta tuna da mu, amma ta rediyo. Waƙa anka yi, da kalangu da 'yan amshi, ana cewa jami'ar tamu ce, ta talaka ce, ƙofarta buɗe take. Waƙar da daɗi, ba zan ɓoye ba, na sha kama kaina ina rera ta wurin wanke-wanke. Inna kuwa amsa take ba rediyon. In ya ce "taku ce," sai ta ce, "In tamu ta, ta zaka ta kama muna surhe."

Sai manyan takardu masu hoto sunka biyo baya, anka manna su bangon asibiti da tashar Wurno da shagon mai cajin waya. Samari da 'yan mata cikin dogayen riguna da wata hula mai faɗi, kowa na dariya. Mata sunka gano takardar na da kauri, tana da kyau wurin shanya kuɓewa. Ni tawa da na samu, idon yarinyar da ke jiki na tsaya dubawa. Tana da jini.

Wata ran kasuwa na je Goronyo da niyyar in samo irin langata in toshe giɓin. Mai kwanoni ya juya ƙaramar da na kai mashi ya gani, ya ce an daina yin mai wanga fure tun tuni. Ina fitowa sai ga motar jami'a da lasifika a bisa, tana tafiya sannu tana sakin waƙar nan. Ban san sadda na bi ta ba. Na bi ta daga layin masu gishiri har bakin kara, inda ake sayar da dabbobi, ina ɗage ina leƙen bayanta ta gilashi, kamar langa za ta shekara biyu zaune cikin mota tana jirana. Wanda ke ciki ya ɗauka ƙauna ce ta kawo ni, ya miƙo mani takarda har biyu.

Anka yi babban taro ƙofar hakimi, na maza. Maigidana ya je ya dawo da hula mai baki, da tambarin jami'ar a goshi. Na tambaye shi mi anka ce. Ya ce manya sun yi magana, sun ce an gina sabon ɗakin karatu da ɗakunan gwaji, an raba lemo. Na ce ba wanda ya yi tambaya? Ya ce lokaci ya ƙure. Hular nan ita yake sawa zuwa fadama, kuma duk sadda ya shigo gida da ita sai in ji kamar mai ba da shaida ne ya shigo.

Har lambar waya sunka faɗa a rediyo, wai mai ƙorafi ya kira. Na haddace ta. Sau ukku na kira da wayar maigida sadda ya shiga wanka. Na farko da na biyu ba a ɗauka ba, na yi ta mita ina cewa ka ji maƙaryata. Na ukku wani namiji ya ɗauka ya yi sallama cikin ladabi. Na kashe wayar, na tura ta ƙarƙashin matashi, na fita tsakar gida na kama sharar inda na riga na share.

Wata rana Gwaggo ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin garin har da ta ɗiyata, ta aiko cewa jibi wata malama daga jami'a za ta zo gidanta, mata take son gani. Kwana biyu na yi ina shirya magana. Na tsara ta tsaf: sallama, godiya, sannan in ce a matsayina na uwa ina son sanin abin da anka gani a jinin ɗiyata. "A matsayina" ɗin nan a rediyo na tsince shi, na yi ta gwada shi bakin murhu har ya zauna a bakina.

Malamar ba ta kai mahaifiyata ba, ta dai girme ni. Ta ce a ofishin hulɗa da jama'a take, wato su ke da waƙar da hotunan, kuma ba a daɗe da ba ta aikin ba. Ta zauna bisa tabarma, ta fito da takarda ta fara karanta muna abubuwan da jami'a ta yi. Mata cike da tsakar gida, kowace ta zo da aikinta, masu ɓarar gyaɗa, masu tsifar kai. Ba wadda ta katse ta, ba kuma wadda ta ɗaga kai. Ta kai wurin ɗakunan gwaji ta tsaya, ta dube mu, ta ninke takardar.

"Na ga ni kaɗai nake jin kaina," in ji ta. "To ku faɗa mani. Me muka yi maku?"

Mata sunka ci gaba da ɓarar gyaɗa. Gwaggo ta nuna ni da haɓa. "Ga mai leƙen ido nan, tun shekaranjiya bakinta ka motsi. Tashi ki hwaɗi."

Na miƙe. Sallamar ta fito daidai. Sai idona ya faɗa kan Inna, can gefen randa tana jan carbi. Ban san za ta zo ba. In na ce jini na tona kaina: na fita da ƙarya, na dangwala hannu ba izni, na ɓoye shekara biyu. "A matsayina" ya gudu ya bar ni tsaye. Bakina ya buɗe da kanshi.

"Langata," na ce.

"Na'am?"

"Langata ta tsakiya. Fara, mai furen ruwan ganye. Mutanenku sun tafi da ita."

Gidan ya ɗauka da dariya. Maƙwabciyata har da faɗawa kan ta kusa da ita. Wata ta ce, "Ana maganar jami'a, ke kina maganar murhi da gindi." Wata daga baya ta ce, "Ku ara mata lasihika ta hwaɗa ma duniya." Na tsaya, na rasa yadda ake komawa zaune.

Malamar ta yi murmushi, irin na wanda ya samu abu mai sauƙi. "Wannan ai ba komai ba ne. In sha Allahu za a saya miki sabuwa."

"A'a, Malama." Gwaggo ce, kuma ba dariya take ba. "Ba ta ce ba ta da kwano ba. Ku can birni ban san yadda kuke yi ba. Nan garin ga, in anka kai maka abinci, kwano ba shi kwana ukku bai koma ba. Kuma ba shi komawa wohi, ko ɗan gishiri ka sa, ko goro guda. In ka riƙe kwanon mutum, ka ce mashi kada ya sake aiko maka ke nan. Ku kun zaka, an tarbe ku, kun ci, kun tahi da kwano, kun tahi da jinin ɗiyanmu, kun ce sati biyu. Damina biyu ke nan. Sannan kunka aiko muna da kalangu."

"Wane jini?" in ji malamar.

Na dubi fuskarta da kyau, don duba fuska dai na iya. Ba ta sani ba. Ofishin da ke yi muna waƙa bai san an taɓa soke yatsun yaranmu ba. Sai mata sunka ɓarke, kowace na faɗin nata, wagga ta ce ɗanta, waccan ta ce tagwayenta. Maƙwabciyata, Allah ya shirye ta, ta nuna ni ta ce, "Har da ɗiyar mai langa, ita ta riga kowa shiga layi." Ban dubi gefen randa ba.

Malamar ta juya bayan takardar da ta zo karantawa, ta yi ta rubutu har ta cika. Da za ta tashi ta ce, "Ba zan ce maku sati biyu ba. Ban san inda takardun suke ba, ban ma san ko suna nan ba. Abin da zan iya shi ne, duk Juma'a bayan an sauko masallaci zan kira Gwaggo in faɗi inda na kai, ko da ban kai ko'ina ba."

Hanyar gida ina bayan Inna, ina jiran abin da zai sauko. Sai da munka wuce injin niƙa ta yi magana, ba ta ko waiwayo ba.

"Ranar nan kin ce za ki niƙa."

"Eh, Inna."

"Kin hita ba hatsi, kin dawo ba gari."

Can na ce, "Kin faɗa mashi?"

"Ni ce matarshi?"

Juma'ar farko malamar ta kira. Gwaggo ta buɗe lasifikar wayar ta ɗora bisa turmi, munka zagaye shi. Ta ce ta gano sashen da sunka yi aikin, amma dattijon ya yi tafiya. Juma'a ta biyu ta ce ba ta samu komi ba, ta gaishe mu, ta tambayi jikin wata da ta ji tana tari ranar taro. Abin da ya ba ni mamaki, wanga "ban samu komai ba" ya fi waƙar shiga jikina. Ta huɗu ba ta kira ba. Na ce shi ke nan, ta ga takardar ɗiyata ta kasa magana. Ranar na ja idon yarinyar har ta ture hannuna ta ce in je in ja na akuya. Asabar da hantsi wayar ta yi ƙara. Rasuwa anka yi masu, ta ba da haƙuri. Mata sunka bi layi bakin turmi suna yi mata ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya.

Wajen wata biyu anka yi haka. Sannan sunka zo, ita da wata nas da dattijon nan, gemun ya ƙara fari. Ya russuna ya gaida Gwaggo. Ya ce makaranta ta daɗe a rufe, wuta ta lalace inda ake ajiyar jinin, ɗalibar da ke riƙe da sunaye ta gama ta tafi. "Amma duk wannan bai hana a aiko a faɗa maku ba," in ji shi. "Laifinmu ne. Ku yafe mana." Bai ƙara ba. Gwaggo ta ce Allah ya yafe mu baki ɗaya.

Anka fara kiran lamba ana miƙa ambulan, nas na jan kowace uwa gefe tana yi mata bayani. Na riƙe katina har ya jiƙe. Ambulan sunka ƙare a hannun malamar. Mu shida ba a kira ba.

Ta zo ta zauna kusa da ni, ba ta yi kwana-kwana ba. "Na ɗiyarki yana cikin waɗanda suka lalace. Ba a auna shi ba. Babu wanda ya ga komai, mai kyau ko marar kyau."

Shekara biyu ina shari'a a kan ɗigon da ko kallon shi ba a yi ba. Na rasa ko kuka zan yi ko dariya, sai na ji na ce, "Shinkafar fa, an ci?"

"An ci," in ji ta. "Na tambaya. Direban har yanzu yana tuna man."

Ta jawo jaka ta fito da wata langa, ja, ba ta ko kama hanyar tawa ba, cike da dabino. "Taki na neme ta har ɗakin ajiya, ban gan ta ba. Wannan ba biya ba ne, Gwaggo ta riga ta hana ni. Tawa ce, daga ɗakina. Abinci na kawo miki, sai ki maido mani kwanona." Sannan ta ce nas na nan asibitin gari har la'asar, ta zo da na'urar da ke faɗin jini nan take. In na yarda a sake, to. In ban yarda ba, ba wanda zai ga laifina. "Amma wannan karon da sanin babanta."

Na ishe maigida bakin rudu yana juya albasa yana fid da ruɓaɓɓu, hular jami'a a kai. Na durƙusa na ce ina da magana. Na faro daga nesa, tun daga Rara. Ya bar ni na yi ta zagaye har na iso gindin dogonyaro.

"Katin da ke cikin ƙaramar langa?" ya ce, bai daina juya albasa ba.

"Ka gani?"

"Tun bara waccan, ina neman allura. Kuma mutum bai shiga ɗaki ya ga kofin shayi ya zama langa bai lura ba."

"Mi ya hana ka magana?"

"Ina jiran ki gama shari'ar. Har waje ana jin ki in kina daka." Ya kakkaɓe hannu. "In sun ce nan take za su faɗi, mu je. Amma ina tsaye, kuma ba mu tashi sai mun ji."

A asibiti nas ta ce ma yarinyar ta kawo hannu. Ita kuwa ta tsaya gabanta, ta ja fatar idonta ƙasa, ta ɗaga kai tana jira. Nas ta dube ni. Na dubi bango.

Ɗigo guda anka sa cikin wani abu kamar ƙaramar waya. Kafin yarinyar ta gama kuka lamba ta fito. Nas ta juyo da ita ta nuna muna, ta ce jinin ya ɗan yi ƙasa kaɗan, irin na yaran da ke cin ƙasa, ba abin tada hankali ba ne. Ta ba da maganin tsutsar ciki, ta ce a yawaita wake da zogale, da hanta in ta samu. Na sa ta maimaita. Ta maimaita. Sai maigida ya ce, "Malama, tunda abin na nan, a duba uwar."

Anka duba. Nawa ya fi nata ƙasa, nesa ba kusa ba. Ni anka rubuta ma ƙwayoyi na wata ukku. Mahaifiyata, da ba ta taɓa shiga aji ba, ta riga na'ura gani tun ina yarinya.

Ba zan ce gari ya koma son jami'a ba. Cikin mu shida, biyu sun ƙi a sake, kuma ban ga laifinsu ba. Gwaggona ta Boyekai har gobe tana jiran bayanin ƙasarta, ko da yake na ji an ce malamar ta je can ma, kuma ba ta karanta masu komi ba. Waƙar rediyo ta ragu. Yanzu akwai wani fili da suke faɗin garin da sunka je, mi sunka ɗauka, mi sunka gano, da ranar komawa. Inna na saurare, ba ta daina ba da amsa ba, amma wani lokaci amsar "to" ce. Ni kuwa ban warke ba. Na dai rage zuwa sau ɗaya a rana, kuma sai yarinyar ta yarda.

Jar langa ba ta kwana ukku ba. Na cika ta da tafarnuwar fadamarmu, maigida ya kai tasha ya ba direban da ya san ƙofar jami'ar. Bayan salla ta dawo da cincin, na mayar da yajin daddawa, ta sake dawowa. Yanzu haka tana wurina, ita nike kallo ina rubutun ga, kuma gobe kwana ukku.

Tawa dai ba ta fito ba. Kofin tangaran na nan inda na sa shi. Don haka nike roƙon mai karanta wanga, in kana aiki a jami'ar nan, ko ka yi karatu can, ko kana da ɗan'uwa mai shara ko tuƙi a ciki, a duba mani bayan kabad, da ɗakin masu gadi, da inda ake zuba ma kaji ruwa. Fara ce, mai furen ruwan ganye, bakin murfin ya ɗan ɓantare wuri guda. In an gan ta, kada a sayi wata, kada a aiko da saƙo ta rediyo. A kawo ta Magarya, gidan ungozoma, kowa ya san shi. Ba sai an sa komi ciki ba.